Kaurin naman zuciya, cutar da ke ɓuya a bayan "tsufa ne"

Garin Jos ba a rasa tudu. Dattijo zai fito zuwa masallaci, kafin ya kai rabin hawan ya tsaya, ya dafa katanga yana haki. 'Ya'ya su ce, "Baba, ai tsufa ne." Ranar da aka dawo daga asibiti da takarda mai haruffa uku, HCM, sai a yi ta kallon-kallo.

Cikakken sunan shi ne haifatirofik kadiyomayofati, daga Girkanci, ma'ana naman zuciya ya yi kauri fiye da kima. Bangon ɗakin hagu na zuciya, wanda ke harba jini zuwa jiki, ba ya cika wuce milimita 11 a mai lafiya. Idan ya kai 15 babu wani dalili da ya bayyana, likita zai fara zargin wannan cuta. Kamar ɗaki ne da aka yi ta ƙara wa yaɓe ta ciki: fili ya ragu, ƙofa ta matse. Zuciya ba ta sakewa ta cika da jini, wani lokaci kuma naman ya tare hanyar fita. Daga nan haki, ciwon ƙirji, jiri, har suma, musamman bayan hawa ko bayan an cika ciki da tuwo.

Yawanci gadonta ake yi. Kusan mutum 1 cikin 500 na ɗauke da ita, kuma kowane ɗa na mai ita, rabi da rabi ne ya gada. Masu kallon ƙwallo ba su manta Marc-Vivien Foé na Kamaru ba, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa a Faransa a 2003, ya rasu, aka gano yana da wannan cuta. Shi ya sa ake ɗauka cutar matasa ce.

Wannan ɗauka ita ke damuna, domin cutar tana iya kwantawa shekaru sai bayan mutum ya kai shekara 60 ta nuna kanta. A lokacin kuwa hawan jini ya riga ya shigo, shi ma yana kaurara zuciya, sai a jingina masa komai. Haɗarin yana wurin magani: wasu magungunan hawan jini masu buɗe jijiyoyi, da masu sa yawan fitsari, suna iya ƙara matse hanyar fitar jini ga wanda naman ya riga ya tare masa ita. Likita yakan fi son maganin da ke rage saurin bugu, don zuciya ta samu lokacin cika. Ƙishirwa ma tana tsananta abin, don haka maganar azumi a yi ta da likita tun kafin wata ya kama.

Mutuwar fuju'a ba ta yi yawa ga wanda aka gano bayan 60 kamar ga matashi ba. Abin tsoro ga dattijo shi ne bugun zuciya ya rikice, jini ya daskare ya haura ƙwaƙwalwa, a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Ana tare wannan da maganin tsinka jini.

Gwajin ba yanka ba allura. Hoton zuciya ne da ake kira eko, a shafa ɗan mai a ƙirji a ɗora na'ura, kamar awon ciki na mata. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, da ke Lamingo yana yin sa. Idan aka tabbatar Baba na da ita, 'ya'yansa da 'yan uwansa na jini su ma su je a duba su, ko da suna jin garau.