Elizabeth Robins da batun mata a wasanninta

Elizabeth Robins (1862–1952) 'yar wasan kwaikwayo ce kuma marubuciya, haifaffiyar Louisville a jihar Kentucky ta Amurka. Ta koma Landan a 1888, bayan rasuwar mijinta. Sunanta ya fita a 1891, sa'ad da ita da ƙawarta Marion Lea suka shirya wasan Henrik Ibsen, marubuci ɗan ƙasar Norway, mai suna Hedda Gabler da kansu, ita ce ta fito a matsayin Hedda.

Alan's Wife (1893)

Wannan wasa ta rubuta shi tare da Florence Bell, suka ɓoye sunayensu, kuma an daɗe ba a san su ne marubutansa ba. Sun gina shi a kan wani gajeren labari na Elin Ameen, 'yar ƙasar Suwidin, amma suka mai da shi arewacin Ingila, cikin ma'aikatan masana'anta. Jean Creyke mace ce mai alfahari da ƙarfin mijinta Alan. Injin masana'anta ya hallaka shi tana da ciki, ta haifi yaro mai naƙasa, daga baya ta kashe shi da hannunta saboda tsoron irin rayuwar da ke jiransa idan ba ta nan. A fitowa ta ƙarshe Jean kusan ba ta buɗe baki. Ana yi mata tambayoyi tana shiru, ta ƙi neman afuwa duk da an yanke mata hukuncin kisa. Wannan shirun shi ne ƙarfin wasan, domin a dandamalin zamanin Sarauniya Biktoriya an saba ganin macen da ta yi laifi tana kuka tana tuba. Masu sharhi sun rabu gida biyu a kansa.

Votes for Women! (1907)

An nuna wannan wasa na Robins a gidan wasa na Court da ke Landan, Harley Granville Barker ya ba da umarni. Jarumar wasan, Vida Levering, wadda ta zubar da ciki tana matashiya saboda wani ɗan siyasa mai suna Geoffrey Stonor, ta matsa masa lamba ya goyi bayan ba mata 'yancin ƙuri'a. Kashi na biyu taron gangami ne a dandalin Trafalgar da ke Landan. A shekarar Robins ta mai da labarin littafi, The Convert.

Siyasa

Robins ta shiga WSPU, ƙungiyar neman 'yancin ƙuri'a ga mata ta su Emmeline Pankhurst, ta bar ta a 1912. Ta rasu a garin Brighton na Ingila.