Su Wa Ake Nufi da "Masu Ra'ayin Mazan Jiya", Kuma Me Ya Haɗa Su da Masu Sayar da Littafi?

Duk mai sauraron labaran duniya a rediyo ya saba jin ana cewa "masu ra'ayin mazan jiya". A Hausar gida, mazan jiya jarumai ne da suka ci zamaninsu, shi ya sa ake kiran tsoffin sojoji da wannan suna, har ake tunawa da su ranar 15 ga Janairu a Najeriya. A bakin 'yan jarida kuwa kalmar ta ɗauki wani kaya daban. Tana nufin mutanen da ke ganin abin da aka gada, na addini da iyali da tsarin mulki, bai kamata a rushe shi da garaje ba. Wasu kan ce "ra'ayin riƙau", sai dai wannan ta ɗan fi kama da gori. A Amurka galibinsu suna jam'iyyar Republican, suna son a rage haraji, gwamnati ta janye hannunta daga kasuwa, addini kuma ya samu gurbi a rayuwar jama'a.

Akwai kukan da ya daɗe a bakinsu: wai shagunan littattafai da jami'o'i sun mai da marubutansu saniyar ware. Ka shiga shago, in ji su, littafin abokin hamayya ne jere a teburin bakin ƙofa inda ido ke fara sauka, nasu kuwa sai ka durƙusa ka lalubo shi a ƙasan kanta. Malamin jami'a ba ya sa shi cikin manhaja, manyan jaridu ba sa yi masa sharhi.

Kukan ba na yau ba ne. A 1951 wani matashi, William F. Buckley, da bai daɗe da gama jami'ar Yale ba, ya rubuta littafi yana zargin malamansa da yi wa addini da kasuwar 'yanci zagon ƙasa a aji. Wani ƙaramin kamfani na Chicago mai suna Regnery ne ya buga shi, kuma tun daga nan kamfanin ya zama inuwar marubutan wannan ɓangare. A watan Janairun 2021, bayan kutsen da aka yi wa majalisar dokokin Amurka, babban kamfanin buga littattafai na Simon & Schuster ya soke yarjejeniyar buga littafin Sanata Josh Hawley na jam'iyyar Republican, sai Regnery ɗin ya karɓa. Wata guda bayan haka kamfanin ciniki ta intanet na Amazon ya cire daga shagonsa wani littafin marubuci Ryan T. Anderson da ke sukar batun sauya jinsi.

To, gaskiya ne an yi watsi da su? A jami'a, maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sanannen abu ne cewa a sassan adabi da tarihi da nazarin zamantakewa, malamai masu goyon bayan jam'iyyar Democrat, abokiyar hamayyar Republican, sun rinjayi na Republican nesa ba kusa ba, kuma malami abin da yake girmamawa shi yake ba ɗalibi ya karanta. A kasuwa kuwa labarin ya sha bamban. Ɗan kasuwa ba ya faɗa da kuɗi. Da manyan kamfanoni suka ga yadda littattafan nan ke tashi, sai suka buɗe musu rassa na musamman: Penguin ya kafa Sentinel a 2003, Simon & Schuster ya kafa Threshold a 2006. A ganina abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya girmamawa ce, ba ciniki ba. Ana sayen littafinka, amma ba a kiranka malami.

Inda rigimar ta fi zafi shi ne jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times. Jaridar ba ta bayyana shagunan da take karɓar alƙaluma daga gare su, wannan ya ba zargi ƙofa. A 2015 ta ƙi sa littafin Sanata Ted Cruz na Republican da farko, tana cewa sari aka yi, ba masu karatu ɗaiɗaiku suka saya ba. A 2017 Regnery ya ce ya daina kula jerin gaba ɗaya.

Jaridar tana da wata 'yar alama mai siffar wuƙa da take maƙalawa kusa da sunan littafi idan shaguna sun ba da rahoton an saye shi da yawa a lokaci guda. A Nuwamban 2019 littafin Donald Trump ƙarami, ɗan shugaban Amurka na lokacin, ya hau na ɗaya a jerin, ga 'yar wuƙar nan a gefensa. Daga baya takardun jam'iyyar Republican suka nuna ta kashe kusan dala dubu 100 wajen sayen kwafe don raba wa masu ba ta gudummawa. Magoya bayansa suka ce an sa alamar ne don a rage masa daraja, 'yan ɗaya ɓangaren suka ce ai ga rasiti nan.