Shin da gaske doka ta hana sojojinmu na kiyaye zaman lafiya harbi?

Wani saƙon murya na ta yawo a WhatsApp tsakanin unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, wai sojojin Gana da ke aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Sudan ta Kudu da Labanan bindigarsu ta ado ce, ko ana kashe mutane a gabansu ba su da ikon harbi. Iyayen da 'ya'yansu ke can duk hankalinsu ya tashi. Maganar ba haka take ba.

Ƙa'idar ita ce ba a amfani da ƙarfi sai don kare kai ko kare aikin da aka ɗora wa rundunar. Mai saƙon rabin farko ya ɗauka ya bar sauran. Tun 1999, da ƙuduri mai lamba 1270 kan Saliyo, Kwamitin Sulhu ya fara sanya kare fararen hula cikin aikin dakarun, kuma izinin ya kai har ga harbi idan babu makawa. Farar hula kuwa shi ne duk wanda ba ya cikin faɗan, ko ɗan gari ne ko ɗan gudun hijira.

Inda gizo ke saƙa shi ne sharaɗin da ke biye: za su yi kariyar ne gwargwadon ƙarfinsu, kuma a yankin da aka girke su. Dubi garin Bentiu a Sudan ta Kudu, inda bataliyar Gana take. Idan ambaliya ta yanke hanya kuma babu jirgi mai saukar ungulu, ƙauyen da ke nesa ba zai ga soja ba. Hannu ba a ɗaure yake ba, kayan aiki ne suka gaza. Nauyin farko ma yana wuyan gwamnatin ƙasar ne.

Ni dai sharaɗin nan yana min ciwo, domin ya sha zama mafakar masu gudun nauyi. A 1994, ana tsaka da kisan kiyashi a Ruwanda, Kwamitin Sulhu ya rage rundunar Majalisar da ke can zuwa mutum 270. Janar Henry Anyidoho, mataimakin kwamandan rundunar, da sojojin Gana suka tsaya a Kigali, suka tsare dubban mutanen da suka fake a wurinsu da ɗan abin da ke hannunsu. Wasu daga cikin ƙasashen da suka yanke hukuncin rage rundunar a New York sun kwashe mutanensu tun kafin nan.