Naman ido ba ya narkewa da maganin tebur, don Allah ku bari

Salamu alaikum jama'ar Tawa. Abin ga ya ishe ni shi ya sa na ce bari in yi magana. Kusan kullum sai an zo muna asibiti da naman ido, tsokar nan da ke tsirowa bisa farin ido daga wajen hanci tana rarrafe zuwa baƙin ido. Rana da ƙura da iska ke kawo ta, shi ya sa 'yan kabu-kabu da makiyaya da masu noman albasa sunka fi samunta, balle lokacin hunturu.

Ita tsokar ba ta ban tsoro. Abin da ke tada min hankali shi ne abin da kuke ɗigawa cikin idon kafin ku zo. Wani ruwan albasa, wani ruwan sukari, wata nonon mai jego, wani kuma ya tsaya wurin mai tebur cikin kasuwa a miƙo mishi kwalba a ce tana narkar da nama. Haba Alhaji! Haba inna! Babu maganin ɗigawa da ke narkar da shi, babu. Da yawa cikin kwalaben nan kortizon ne, maganin kwantar da kumburi, jan idon ya kwanta ka ce ka samu sauƙi, ka yi ta ɗigawa wata da watanni har ya jawo ma hawan jinin ido, shi kuwa ganin da ya ci ba ya dawowa. Ka zo da nama ƙarami mu iske ciwo babba.

Na san tsoron aiki ne, kuma ban ga laifinku ba, ido ne. Amma ba kowa ake yi ma aiki ba, sai in naman ya kusa rufe gani ko ya matsa ma da ja da ƙaiƙayi. Ba a sa ka barci, zafin idon kaɗai ake kashewa, a cire naman a ɗauko 'yar fata daga saman idon naka a lulluɓe wurin don kar ya sake tsirowa, galibi ranar za ka koma gida.

To in anka yi aikin: maganin da lokotoro ya rubuta kaɗai, har ƙarshen kwanakin da ya ce. Baƙin tabarau in za ka fita rana. Kar ka murza, kar a sa kwalli. Ka dawo ranar da anka ba ka ko da ido ya yi garau, don naman yakan dawo. Kwalbar mai tebur kuma ka taho muna da ita mu ga abin da ka ɗiga.