Kwashe rubutun mutane daga Facebook don bincike: ina gaskiyar tarar naira miliyan 10 da ɗaurin shekara guda?

Makonni biyu ke nan wani saƙon murya yana yawo a wayoyin ɗaliban da ke digiri na biyu a nan Jos. Mai maganar ya rantse cewa an kafa doka, duk wanda ya sa manhaja ta kwaso masa rubuce-rubucen mutane daga Facebook ko X, ko da don kundin karatu ne, zai biya tarar naira miliyan 10 kuma ya sha ɗaurin shekara guda. Ni ma ban ji shi ba sai da ɗiyar ƙanwata ta same ni a gida bayan la'asar, ido ya yi ja. Ta ce, "Kawu, wata bakwai ina tattara abin da ake rubutawa lokacin da ake rikici a Filato, yanzu an ce in goge komai ko a kama ni." Na ce ta zauna tukuna, kada ta goge komai, mu buɗe dokar mu gani.

Dokar da ake nufi ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023. Ita ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, wato NDPC, mai hedikwata a Abuja. Don haka ba sabuwa ba ce, kuma tun a 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idoji kan wannan batu. Dokar ta shafi kamfanoni, ma'aikatun gwamnati, ƙungiyoyi, makarantu da duk mai sarrafa bayanan mutanen da ke Najeriya, ko da shi yana wata ƙasa. Wanda ke ajiye bayanai don amfanin kansa ko na gidansa kaɗai, an cire shi.

Babu sashe ko ɗaya a cikinta da ya ce sa manhaja ta tattaro rubutun da mutum ya saki a fili laifi ne a karan kansa. Masu bincike sun daɗe suna wannan aiki a ƙasar nan ba a ɓoye ba. A 2022 wasu masana, ciki har da na Jami'ar Bayero ta Kano, suka fitar da tarin da ake kira NaijaSenti, na dubban saƙonnin Twitter (wato X a yanzu) da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, don koya wa kwamfuta gane yabo daga suka a harsunanmu. Cibiyar fasahar sadarwa da ci gaban al'umma ta Kano, wato CITAD, ma ta yi shekaru tana bibiyar kalaman ƙiyayya a intanet. Da kwasar ce haramun, da ba mu san yawancin abin da muka sani kan yadda jita-jita ke hura wutar rikici ba.

To ina miliyan 10 ta fito? Tana nan a sashe na 48, mai saƙon bai ƙirƙiro ta ba, sai dai ya yanke mata kai da ƙafa. Sashen ya raba masu sarrafa bayanai gida biyu. Waɗanda hukuma ta ɗauka a matsayin manya, iyakar tararsu naira miliyan 10 ce ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka samu a shekarar da ta gabata, wanda ya fi yawa a ciki. Sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100, shi ma wanda ya fi yawa. Wannan rufi ne, wato adadin da ba a wucewa, ba farashin da ake yanka wa kowa ba. Kafin a kai can sai an kai ƙorafi ko hukuma ta buɗe bincike da kanta, a saurari wanda ake zargi, sannan a duba girman ɓarnar, yawan mutanen da abin ya shafa, irin bayanan, ko da gangan ne ko sakaci, da kuma haɗin kan da ya bayar. Shi ya sa tarar da muka fi jin labari ta manyan kamfanoni ce, kamar ta sama da naira miliyan 766 da NDPC ta ci MultiChoice, kamfanin DStv, a 2025. Wanda bai gamsu da hukuncin hukuma ba yana da kwana 30 ya garzaya kotu.

Ɗaurin kuma yana sashe na 49, kuma ba na wanda ya tattara bayanai ba ne. Na wanda hukuma ta ba umarni a rubuce, ta ce ya daina ko ya gyara, ya yi kunnen uwar shegu da shi ne. Shi ne kotu za ta iya ci tara, ko ta ɗaure shi har zuwa shekara guda, ko duka biyun. Tsakanin ɗalibar da ke zaune da kwamfutarta a ɗakin karatu da ƙofar gidan yari akwai ƙorafi, akwai bincike, akwai umarni, akwai bijirewa, akwai shari'a. Mai saƙon ya tsallake su duka.

Akwai wurin da na yarda dokar na iya rikita mutum. A jagorar da NDPC ta fitar a 2024, wanda ke sarrafa bayanan mutane sama da 200 cikin wata shida yana iya shiga sahun manya. Manhajar ɗalibi kuwa tana wuce mutum 200 kafin ya gama shan shayi. A fahimtata, idan bincike ya bi ta hannun jami'a, malami ya amince, kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu, to nauyin ya fi hawa kan jami'ar, tunda manyan makarantu ma suna cikin waɗanda aka ce su yi rajista. Amma mai bincike da ke zaman kansa, ko ƙaramar ƙungiyar matasa a Unguwar Rogo da ke bibiyar labaran ƙarya ba tare da lauya ba, fa? Ni ban ga adalci a ce ma'auni ɗaya ya rataya a wuyansu da na kamfani mai ofishin lauyoyi ba. Ya kamata hukuma ta fito ta yi magana ƙarara kan masu bincike, da Hausa ma, domin shirunta ne ya bar wa saƙon murya fili.

Yanzu ga ɗaya kuskuren, wanda ya fi damuna, don masu yin sa sun fi yawa. Su cewa suke, ai wanda ya saki rubutu a fili ya sallama shi, kowa ya ɗiba. Dokar ba ta ce haka ba. Bayanin mutum a wurinta shi ne duk abin da za a iya gane shi da shi, suna, hoto, lambar waya, unguwa, har sunan da yake amfani da shi a shafi. Kasancewarsa a fili bai fitar da shi daga wannan ma'ana ba. Matar da ta shanya barkono a ƙofar gida ta san masu wucewa za su gani, amma ba ta ba kowa izinin zuwa da buhu ba. Wanda ya rubuta ra'ayinsa cikin fushi a daren da aka kashe masa ɗan'uwa ya san abokansa za su karanta. Bai yi tsammanin a haɗa rubutunsa na shekara biyar wuri guda, a jera da sunansa da unguwarsa da addininsa ba.

Wannan ba yana nufin sai ka nemi izinin mutum dubu goma ɗaya bayan ɗaya ba. Sashe na 25 ya jera dalilai da dama da ke halatta sarrafa bayani, amincewar mai shi ɗaya ce kawai daga ciki. Akwai maslahar jama'a, akwai halastacciyar buƙata matuƙar ba ta danne haƙƙin mai bayanin ba. Sashe na 27 ma ya ɗauke wajabcin sanar da kowa idan hakan ba zai yiwu ba ko wahalarsa ta wuce kima. Sashe na 3 kuma ya yi sassauci ga abin da za a wallafa don amfanin jama'a ta fuskar aikin jarida ko ilimi. Sai dai mutane na karanta rabin sashen su rufe littafi. Sassaucin bai taɓa sashe na 24 ba, wanda ya ce a tattara don manufa bayyananniya, a ɗauki iya abin da ake buƙata, kada a riƙe fiye da lokacin buƙata, kuma a tsare. Bai taɓa sashe na 40 ba, mai cewa idan bayanai suka tsiyaya ta yadda za su iya cutar da mutane, a sanar da hukuma cikin awa 72.

A garinmu, abin da ya fi kowane sashe nauyi shi ne rukunin da doka ta ware ta tsaurara: ƙabila, addini, ra'ayin siyasa, lafiyar jiki da makamantansu. Wanda ya ga Satumbar 2001, Nuwambar 2008 da Janairun 2010 a Jos ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da jerin sunaye mai nuna addini da unguwa zai iya jawowa idan ya faɗa mugun hannu. Da na buɗe fayil ɗin ɗiyar ƙanwata, abin da na gani ke nan: sunaye cikakku, hotuna, da wani layi da ta ƙara da hannunta tana hasashen ƙabilar kowa daga sunansa. Ba ta yi da mugun nufi ba, malaminta ma bai hana ba. Amma fayil ɗin yana kan filashi marar kalmar sirri, a jakar da take hawa keke-napep da ita daga Taminus zuwa titin Bauchi kullum. Jikina ya yi sanyi.

Sauran dokokin a taƙaice. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana hukunta kutse cikin na'ura ba da izini ba. Karanta abin da ke buɗe ga kowa daban, satar kalmar sirri ko fasa shingen tsaro daban. Shiga rufaffen zauren WhatsApp da sunan ƙarya don kwasar hirar mutane kuwa ya fita daga batun rubutun fili gaba ɗaya. Sannan Facebook da X duk sun hana kwasa da manhaja ba da izininsu ba a sharuɗɗansu, suna iya rufe shafinka ko su kai ka ƙara. A Amurka, kamfanin hiQ ya samu hukuncin kotun ɗaukaka ƙara a kan LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki, cewa kwasar bayanan fili da wuya ta zama kutse, amma daga baya a 2022 aka same shi da saɓa sharuɗɗan dandalin.

Abin takaici, ƙofofin halas ɗin ma ana ta rufe su. X ya janye hanyar ɗibar bayanai kyauta a 2023, Meta, mai Facebook, ta rufe CrowdTangle a Agustan 2024, manhajar da 'yan jarida da masu tantance labarai suka dogara da ita wajen bibiyar abin da ke yawo a Facebook. Jami'o'in Turai na iya biyan dala, ɗalibin Jos ba zai iya ba. A gefe guda kuma, sashe na 3 ɗin nan ya sassauta wa hukumomin tsaro da na binciken laifi, waɗanda su ne suka fi kowa ƙarfin tattara abin da muke rubutawa. Mai ƙaramin ƙarfi ke ɗauke da tsoro, kuma wannan bai kwanta mini ba.

Ba mu goge aikin wata bakwai ba. Mun zauna har bayan isha'i, muka cire sunaye da hotuna, muka ba kowane shafi lamba, muka share layin ƙabila baki ɗaya. Jerin da ke haɗa lamba da suna ya koma wani fayil mai kalmar sirri, da ranar da za a goge shi bayan ta kare kundinta a gaban malamai. Na ce kada ta kawo maganar kowa kalma da kalma a kundin, domin duk wanda ya kwafi jimlar ya nema a intanet zai kai ga mai ita, sai dai ta faɗi ma'anar da bakinta. Rubutun da ya nuna na yaro ne ɗan ƙasa da shekara 18, ta fitar da shi. Ranar Litinin za ta kai wa kwamitin ɗa'ar bincike takarda mai bayyana abin da ta tattara, dalilinta, da inda ta ajiye shi.