Tukunyar Gida da Teburin Waje: Waiwaye kan Gardamar Girki a Zangunan Akra

Daga majalisun ataya na Nima da Mamobi har zuwa rumfunan biki inda mata ke zaman jiran amarya, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a 'yan shekarun nan. Idan namiji ya kai matarsa ko budurwarsa gidan abinci a Osu, unguwar shaƙatawa ta Akra, ya biya, ita kuma wata rana ta shiga kasuwa, ta dawo ta wuni a gindin murhu ta tuƙa masa tuwon zafi da miyar ayoyo, shin an yi kunnen doki ke nan? Maza da yawa suna cewa nasu ya fi nauyi, domin kuɗi ne suka fita, kuma sau da yawa cefanen ma daga aljihunsu yake. Mata kuma suna cewa shi zama kawai ya yi aka kawo masa, ita kuwa da jikinta ta biya. Dattawa sukan ɗora laifin a kan wayar hannu da hotunan faranti da yara ke ɗauka, amma maganar ta girme wa wayar nesa ba kusa ba.

Tarihin farko sananne ne. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙara turo fataken goro zuwa Kumasi da Akra, Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuma ta biyo baya a shekarun 1930. A gidan maigida mai saukar da baƙi, tukunya ɗaya ce ke ciyar da iyali da fatake da almajirai. A gidan mata biyu ko uku, ranar girki ita ce ranar kwana, har kalmar ta ɗauki ma'anar duka biyun. Malaman Malikiyya sun karantar da cewa ciyarwa tana wuyan miji, hidimar cikin gida kuwa tana bin al'ada da halin gidan, don haka babu wanda ya ga dalilin ɗora su a sikeli ɗaya. In ban da koko da ƙosan safe, tuwon saye na gwauro ne da baƙo, kuma magidancin da aka gani yana ci a bakin titi sai a fara tambaya ko uwargida ta yi yaji.

Shekarar da ba a cika kawowa cikin wannan gardama ba ita ce 1983. Ana tuna ta da fari, da gobarar daji da ta cinye gonaki, da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya da suka dawo daga Najeriya cikin 'yan makonni, da hauhawar farashi da ta haura kashi 120 cikin ɗari. Waɗanda suka ga lokacin suna ba da labarin yadda ake bin layin dokunu, wato tuwon ƙullun masara mai tsami, a saye shi ɗanye a je gida a dafa, saboda wanda ya jira ya dahu zai tarar ya ƙare. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da yunwar ta yi wa lissafin cikin gida, kuma a ganina nan ne zaren ya fara warwarewa.

Magidancin da ya saba auno masara ta mako ko ta wata ya koma neman na yau kawai. Abin da ke hannunsa ba zai ɗora tukunya ba, domin tukunya tana son gawayi da mai da kayan miya da gishiri duk a lokaci ɗaya, amma zai isa a raba wa kowa ya sayi abin da zai tare cikinsa. A gidajen haya masu ɗaki ɗai-ɗai, inda iyalai da dama ke raba tsakar gida ɗaya, madafar kowace mace kuma kurfoti ne, wato murhun gawayi, a ƙofar ɗakinta, lissafin ba ya buƙatar alƙalami: wadda ta dafa olonka (gwangwanin awo) goma ta fi samun sauƙin gawayi a kan wadda ta dafa ɗaya. Sayar da abinci ba baƙon abu ba ne ga matan zango, sun gaje shi. Mai sayen ne ya canza. Gwauro da baƙo suna nan, amma sai ga 'ya'yan maƙwabciya da kwanukansu, daga baya kuma ga mijinta. Da yunwa ta wuce, al'adar ba ta bi ta ba, kuma a gidaje da yawa kuɗin cefane ya zama kuɗin rabo, wato «ga naki, ga na yara».

Daga nan girki ya rabu biyu, wanda ake biya a ƙofar gida da wanda ba a biya a cikin ɗaki, kuma sau da yawa hannu ɗaya ne ke yin duka. A dubi mai waakye, wato shinkafa da wake irin na Gana. Tun kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta dafa wake da karan dafi da kanwa har ruwan ya yi ja, ta zuba shinkafa, ta soya shito (miyar barkono da mai), ta dafa taliya da ƙwai da ganda. Da gari ya waye masu saye suna kiran «Amariya, a ƙara mini garin rogo», ita kuma tana auna kowane ludayi da kuɗinsa. Da maigida ya dawo, daga wannan tukunyar za a zuba masa ba tare da ya ba da ko kwabo ba. Matar da ta san farashin ludayinta a waje ba za ta kasa sanin sa a cikin gida ba, ko da kunya ta hana ta faɗa, kuma 'ya'yanta mata da suka tashi suna miƙa canji ba su gaji kunyar gaba ɗaya ba. Binciken da cibiyar binciken manufofin abinci ta duniya (IFPRI) ta gudanar tare da Cibiyar Noguchi ta Jami'ar Gana a 1997 ya nuna kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin abincin gidajen Akra a abincin saye yake tafiya, kuma mafi talauci su suka fi kowa dogara da shi.

Sauran labarin gajere ne. Gidajen abinci na zamani sun cika Osu, an buɗe Accra Mall a 2008, zance ya tashi daga ƙofar gida ya koma teburi, fita cin abinci ta shiga sahun toshi. Sai cin abincin waje ya zama iri biyu, na rashi da na nuna hali, kuma na biyun kaɗai ake nufi idan ana gardama. Shi yana zuwa da rasit, ana iya nuna shi. Girkin gida kuwa, ga matar da ta wuni a kasuwar Makola ko a ofis, ta kuma sha cunkoson trotro, wato motar haya, zuwa unguwar Madina, ya zama abin da sai an ware masa lokaci, ga tsadar da ta kai hauhawar farashi kashi 54 cikin ɗari a Disambar 2022. Duk da haka, wanda ake dafa wa yana ƙirga shi cikin abin da dama can haƙƙinsa ne, yana ƙirga fitarsa cikin alheri.

A wani biki da na halarta a Mamobi, gwaggon amarya ta riƙe hannunta tana cewa, «'Yata, ki riƙe cikin mijinki, kada ki bari ya saba da kwanon wata.» Amarya ta sunkuyar da kai, mata suka yi guɗa. Gwaggon nan shekara da shekaru tana sayar da waakye a bakin lungunsu, kuma angon yana cikin masu bin layinta kowace safiya.