Yaro ya yi gum a makaranta tun da muka zo Amurka, lafiya kuwa?

Duk inda Hausawa suka taru da iyalansu a waje, ko Bronx ce ta New York ko Greensboro inda 'yan Nijar ke da yawa ko Landan, sai ka ji wata uwa ta kawo wannan kukan.

A gida surutunsa har ya ishe mu, amma malamarsu ta ce ko uffan ba ya cewa a aji. Me ke damunsa?

Yawanci babu komai Hajiya. Masu nazarin koyon harshe sun daɗe da sanin abin, suna ce masa lokacin shiru, kuma Stephen Krashen na cikin waɗanda suka yayata shi a shekarun 1980. Yaron bakinsa ne a rufe amma kunnensa aiki yake, yana tara kalmomi yana duba yadda sauran yara ke yi. Ku lura da shi, in an ce a fito da littafi yana fitowa da shi? In an yi abin dariya yana dariya? Wani ma za ku ji shi a ɗaki shi kaɗai yana ƙunƙuni da Turanci yana maimaita abin da ticha ta faɗa, to wannan alama ce mai kyau. Wani yaron sati kaɗan ne, wani sai ya kwashe wata da watanni.

To ai a Kano da Turanci ya yi firamare?

Turancin da ya ji a Kano daban, na bakin Ba'amurkiya mai sauri kamar ana korar ta daban, sannan sau ɗaya aka yi wa lafazinsa dariya ya isa ya kulle baki. Wanda ya taso da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram kuwa daga farko zai fara. Jim Cummins, wani masanin koyon harshe na Kanada, ya nuna Turancin wasa da hira yakan zauna cikin kamar shekara 2, amma na karatu da jarrabawa sai shekara 5 zuwa 7.

Malamar ta ce ba ya ko kallon ta in tana magana.

Nan fa tarbiyyarmu ce ta ci karo da tasu. Mu muka koya masa in babba na magana ya sunkuyar da kai, kar ya tsare shi da ido, kar ya tsoma baki sai an tambaye shi, ita kuma a wajenta yaron da ba ya kallon ido ko raini ne ko wata larura ce, shi kuwa bawan Allah ladabi yake yi mata iya ƙarfinsa. Ku je ku yi mata bayanin kunya da bakinku, wallahi da yawansu ba su taɓa jin labarin ba. Ku roƙe ta kar ta tsayar da shi gaban aji ta ce sai ya yi magana, ta bar shi ya nuna da yatsa, ya gyaɗa kai, ya zana, ta haɗa shi da yaro ɗaya mai haƙuri su yi aiki tare, in ta yi tambaya ta ɗan jira kafin ta wuce. Ku ma a gida a daina titsiye shi da "yau me ka faɗa a aji", kuma don Allah kar yayyensa su laƙaba masa bebe.

Mu daina yi masa Hausa a gida?

A'a. Hausar ba ita ta hana shi ba, abin da ya iya da ita kamar ƙirga da ba da labari shi zai ɗora Turancin a kai. Turanci zai same shi ko kun so ko kun ƙi, Hausar ce ke saurin gudu.

Yaushe shirun ya zama abin damuwa?

In ya wuce kamar wata 6 babu motsi, ko kun ga yana jin Turancin sarai amma a makaranta bakin ya ƙi buɗuwa, ko Hausar ma ba ya yi da yaran Hausawa a Islamiyya, jikinsa ya sandare in an yi masa magana. Akwai larurar da tsoro ke ɗaure harshen yaro a wasu wurare kawai, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sa ta cikin cututtukan fargaba tun 2013, ba taurin kai ba ne kuma duka ƙara ta yake. A fara da gwajin kunne, a bincika ko ana cin zalinsa, sannan a nemi makaranta ta haɗa ku da mai gyaran magana ko mai ba yara shawara.

Ni kaina Turancina bai kai ba, takardunmu ma ba su gama fitowa ba.

Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1974, kan ƙarar yaran 'yan Caina a San Francisco, cewa dole makarantar gwamnati ta taimaki yaron da ba ya jin Turanci, a 1982 kuma ta ce ba a hana yaro karatu don rashin takardu. Kuna da haƙƙin tafinta kyauta, ku nema kafin ranar ganawa da malaman makaranta, kar ku sa yaron ya yi muku tafinta a kan maganar da ta shafe shi. Fom ɗin rajista da ke tambayar harshen gida kuwa ku rubuta Hausa, da shi ake gane wanda za a gwada a ba shi darasin Turanci na musamman.